Karayar da Ba Ta Tsayawa a Zaure

Ku da kuke cewa ɗori ba wani abu ba ne, kara ne da tsumma da man shanu, ku matso ku ji. Kwanan baya wani a cikinku ya nuna mini a waya yadda ake ɗora hannu cikin minti uku, yana washe baki, wai shi ma ya iya. To, Allah ya ba da sa'a. Ni na haura sittin, a zauren ɗori na buɗe ido a nan Ƙofar Wambai, amma sai da furfura ta fara fito mini sannan na gane rabin sana'ar kawai na sani. Wadda ta san ɗaya rabin ƙanwata ce Asabe, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, har yau in na tuna abin yana ci mini rai. Kishi ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Aikin farko da Baba ya yarda na taɓa, ƙafar akuya ce. Kafin nan na yi shekara biyu ba abin da nake yi sai feren kara. A samo gora, a tsaga, a fere, a goge har ba inda zai soki fata, sannan a saƙa da zare kamar ƙaramin asabari. In Baba ya shafa ya ji tsini ko ɗaya, sai ya watsar da shi tsakar gida, ba ya ko ɗaga kai. Bayan wannan sai ya riƙa aiken mu wurin mahauta mu kwaso ƙasusuwa. Ya zuba a buhu, ya ce a rufe ido a zura hannu, duk wanda aka taɓa a faɗi sunansa da inda yake zama a jiki, da ko na dama ne ko na hagu. Ni da Asabe yake wa wannan. Ta fi ni saurin faɗa, amma a lokacin na ɗauka don yatsunta ƙanana ne.

Wahalar sana'ar ba a ja take ba, ko da yake shi ne abin da ke sa masu kallo toshe kunne. A ɗauri take. Ka tsananta, hannu ya kumbura ya yi baƙi, ka jawo wa mutum yankewa. Ka sassauta, ƙashi ya haɗe a karkace, mutum ya yi ta zagin gidanku har ya mutu. Bayan ɗauri kullum sai ka danna farcen mutum ka ga ko jini ya dawo. Kuma dole ka san wanda ba naka ba. In ƙashi ya huda fata ya fito, ko an bugu a baya ƙafa ta daina ji, ba ruwanka da kara, ka ce a nufi asibiti yanzu-yanzu. Maɗorin da bai iya cewa wannan ya fi ƙarfina ba, mai kashe mutane ne.

Gidanmu da doka ɗaya da ba a taɓa karyawa: maza a zaure, mata a cikin gida. Tun Asabe na budurwa Baba ya sakar mata ɓangaren mata, shi da ni muka riƙe zaure. Da ya rasu, buzunsa da wuƙarsa ta feren kara ni aka miƙa wa, kuma duk unguwa Magajin Baba ake kirana. Asabe ta yi aure a Fadaman Mada, mijinta ya rasu, ta dawo gida ta ci gaba da aikinta a ɗakinta. Ni kuwa ban taɓa ɗaukar abin nata sana'a ba. A ganina targaɗen yara ne da matan da santsi ya ɗeba a bakin rijiya. Ainihin ɗori, wanda ake danne ƙato da mutum huɗu, yana zaure, wurina.

Wani sojan barikin Shadawanka aka taɓa kawo mini da kafaɗa a goce, ya ce daga kan mota ya faɗo. Ina taɓawa na ce masa, "Oga, motar nan da hannu ta murɗe ka." Ya yi dariya har da hawaye, ya ce kokawa suka yi da abokinsa, ba ya so a ji a bariki. Haka zaure ya koya mini karatun rauni. Ɗan acaɓa cinya da ƙwauri yake kawowa. Magini in ya faɗo daga bene, diddige da wuyan hannu. Ɗan ƙwallo idon sawu. Makiyayi da manomi in rikici ya haɗa su, sai ka ga goshi ya lotsa ta hagu, don mai dukan yana gabansa kuma da dama ya riƙe sandar. Ko kuma ka tarar da karaya a tsakiyar sangalin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa kaɗai, ɗaya ƙashin lafiya ƙalau. Wannan mutum hannu ya ɗaga ya kare kansa. Maza ba su cika ɓoye irin wannan ba, yawanci kafin ka gama shafa mai sun ba ka labarin yadda suka rama.

Ina cikin wannan tashe wata mata ta yi sallama a zaurena, gajeruwa, da hular rana da takalmin maza. Ta ce sunanta Dakta Rifkatu, malama ce a jami'a, cikin masu binciken abubuwan da ke binne a ƙasa. Masu fasa dutse ne suka yanki gefen wani tsauni a bayan gari, katafila ta buɗe tsofaffin kaburbura, na mutanen da suka zauna kan duwatsu tun kafin kakannin kakanninmu, an binne su a lanƙwashe, ba yadda muke yi ba. Sun kwashe abin da suka iya cetowa sun ajiye a wani ɗaki da aka ara musu a cikin gari. Ta ce ta karanta karaya a littafi, amma tana son wanda yatsunsa suka san ta a jikin mai rai.

Ban amsa ranar ba. Na je na tambayi limaminmu, ya ce in za a riƙe su da mutunci kuma a mayar da su ƙasa, bai ga laifi ba. Dakta ta yi alƙawarin za a mayar. Amma in faɗi gaskiya, ba maganar liman ce ta kai ni ba. Cewa ta yi duk abin da na faɗa za a rubuta a littafi da sunana. Baba ya ɗora ƙasusuwan rabin garin nan, ba wanda ya rubuta sunansa ko a bayan kwali. Na ce a raina, ni ne zan shigar da gidanmu takarda, kuma daga ranar ba mai sake tambayar wa ya gaji hannun Baba.

Ɗakin dogo ne, da tebura, kowane mutum a tirensa da lambarsa. Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu, burushi mai laushi irin na fenti, tsinke, da gilashin ƙara girman abu. Ƙashin da ya daɗe a ƙasa ba shi da nauyi, in ka matsa sai ya rugurguje, don haka ni mai jan ƙato sai da na koyi ɗaukar abu kamar ƙwai. Dakta ta koya mini raba mace da namiji: ƙugun mace a buɗe yake, goshin namiji da tudu a saman ido, muƙamuƙinsa ya fi kauri. Ni kuma na koya mata raba karaya uku. Wadda katafila ta yi bakinta fari ne tas. Wadda aka yi mutum ya mutu da ita bakinta da kaifi, launinta ɗaya da sauran ƙashin. Wadda ta warke kuwa sai ka ji ƙulli, bakin ya yi sumul.

Ƙoƙon kan wani namiji ne ya fara fito da ni. Na juya shi a hannu, na sa babban yatsa a wani lotsi a goshin hagu, na ce, "Wannan gaba da gaba suka yi da mai dukansa. Ba gudu yake ba. Da kulki ne ko dutse, ba abu mai kaifi ba. Kuma bai mutu ranar ba, ya yi shekaru yana cin tuwo bayan nan." Dakta ta riƙa rubutu kamar alƙalamin zai kama wuta. Muka bi mazan ɗaya bayan ɗaya. Wasu lafiya lau, wasu da irin wannan lotsin, ɗaya da tsinin kibiya a allon kafaɗa. Ɗaya kuma da ƙulli a tsakiyar sangalin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa. Ko tsayawa ban yi ba, na ce sanda ya kare. Ranar na dawo gida ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta, har Asabe ta tambaye ni ko kujerar Makka na samu.

Da muka zo kan mata ne na yi kuskuren da ya sa nake ba ku wannan labari. Kawunansu yawanci babu irin manyan lotsin maza, sai na saki jiki. Amma Dakta ta miƙo mini sangalin hannun wata, ga ƙulli a tsakiya. Ta miƙo na wata, shi ma haka. Na ce faɗuwa ce. Mutanen kan dutse ne, mata ke sauka ɗebo ruwa, ga tulu a ka, ga santsi.

"Amma Malam," in ji ta, "ba kai ka ce mini wanda ya faɗi wuyan hannu yake karyawa ba, ta ɓangaren babban yatsa?"

Na ce ai ƙashin mata daban ne, ya fi taushi, ko ina yana iya karyewa. Wallahi a wurin na ƙirƙiri maganar nan, Baba bai taɓa faɗa mini haka ba. Abin da ke kaina shi ne, mace ba ta zuwa yaƙi, ba ta rikicin gona, to wa zai ɗaga mata sanda? Shekara talatin ina ɗori, ban taɓa riƙe hannun babbar mace ba, ban taɓa jin abin da take faɗa in an rufe ƙofa ba. Dakta ta rubuta abin da na ce, amma na ga ta daɗe tana kallon ƙashin kafin ta mayar da shi tire.

Bayan kwana kaɗan ta gurɗe ƙafa wajen saukowa daga tsaunin, direbanta ya kawo ta zaurena tana ɗingishi. Ta zauna kan buzu ta fara kwance takalmi. Na ce a'a Dakta, nan na maza ne, shiga ciki wurin ƙanwata. Da bakina na tura ta. Targaɗen da bai wuce aikin minti goma ba, sai da aka kira la'asar ba ta fito ba. Da farko ina jiyo dariyarsu, daga baya na ji shiru. Da ta fito, ƙafa a naɗe, littafin rubutunta a buɗe a hannu, ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, ashe farfesa gare ka a gida ka ɓoye mana!" Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Ta ce tana so Asabe ta zo ta ga ƙasusuwan matan da idonta. Nan take na ce ba ta fita, tun rasuwar mijinta ba ta zuwa ko ina, alhali ko jiya ta je suna. Da Dakta ta tafi na shiga ciki na same ta tana wanke tsummoki. Na ce mata abin bai dace da ita ba, ƙasusuwan matattu ne, mutane za su yi magana.

"Kai ba za su yi magana a kanka ba, Yaya?"

Na ce ni namiji ne.

Ta matse tsumma ta shanya, sannan ta ce, "In ka hana ni, ba zan je ba. Kai ne babba. Amma ka gaya mata da bakinka kai ne ka hana, kada ka ce ni na ƙi."

Ta san ni sarai. Ba zan iya tsayawa gaban Dakta in ce na hana ba, don za ta tambaye ni dalili, kuma dalilin ba na faɗa ba ne. Ranar Asabar muka shiga motar Dakta mu uku, ni a gaba ina kallon titi har muka isa.

Asabe na shiga ta yi bisimilla, ta ce a ba ta zane a rufe waɗanda ba a kansu ake aiki ba, don ko sun shekara dubu mutane ne. Ni wata guda ina shiga ɗakin nan wannan bai zo mini ba, kuma na ga yadda Dakta ta dube ta. Asabe ta sa safar hannu, ta ɗauki sangalin matar farko, ta rufe ido ta bi shi da yatsa kamar yadda muke yi a buhun Baba. Ta ce a kawo mata na namijin da na ce sanda ya kare. Ta jera su biyu a tebur, ƙulli daidai ƙulli.

"Yaya, ɗauko tsintsiyar can ka kawo mini duka."

Na ce wane irin wasa ne wannan. Ta ce in dai ɗauko. Na ɗaga tsintsiya sama, ban ko sauke ba hannunta ya tashi ya rufe fuskarta, ta sunkuyar da kai. Ta tsaya a haka, ta ce da Dakta ta zo ta taɓa inda dukan zai sauka. Dakta ta ɗora yatsa a tsakiyar sangalinta, ɓangaren ƙaramin yatsa. Karaya ɗaya ce a gabana, ta namiji na ce duka, ta mace na ce santsi.

Asabe ba ta tsaya nan ba, da ta tsaya ai da na samu sauƙi. Ta ce a fito mata da haƙarƙarin matar. Ta jera, ta riƙa taɓawa tana faɗa: wannan ya daɗe da warkewa, ya yi sumul. Wannan bai kai shi daɗewa ba. Wannan kuwa bai gama haɗewa ba ta mutu. Duk ta baya suke, inda ƙafa ke samun wanda ya duƙunƙune a ƙasa. Ta nuna karan hancin da ya kwanta gefe, da ƙashin kunci da ya ɗan shige. Ni duk na gan su, na wuce su, don babban lotsi nake nema irin na maza.

"Namijin nan rana ɗaya ya gamu da nasa, kuma yana tsaye," in ji ta. "Ita wannan ba rana ɗaya aka yi mata ba. Sau uku ne aƙalla, da tazara."

Dakta ta ce, "Mijinta ke nan, Hajiya?"

"Ƙashi bai faɗi suna ba, kada ki rubuta abin da bai faɗa ba. Ko miji ne, ko ubangida in baiwa ce, ko wani nata, Allah ya sani. Abin da na sani, wanda ya yi yana samunta duk lokacin da ya so. Kuma ki rubuta ba dukansu ba ne. Ga waɗancan can, ba wanda ya taɓa su."

Dakta ta tambaye ta yadda aka yi ta san wannan. Ta ce ba a yin mako biyu irinsa bai shigo ɗakinta ba. Kowacce da abin da take zuwa da shi a baki, wata ta ce santsin rijiya ne, wata turmi ne ya faɗo mata, wata ƙofa. Ita ba ta musu da kowa, sai ta ɗora, in an zo kwance kara rana ta bakwai, wata ta faɗi gaskiya, wata ta tafi da abinta. Ina tsaye da tsintsiya a hannu ina sauraro. Ya kamata in ji kunya, ko in ji tausayin matar da ke kan tire. Abin da na ji shi ne, alƙalamin Dakta yana gudu fiye da yadda ya yi mini.

Shekarar ce mafi muni a sana'ata. Maganar da na tsoratar da Asabe da ita, a kaina ta sauka. Aka baza a unguwa cewa Magajin Baba ya koma tonon kabari, yana haɗa magani da ƙashin arna. Wani mai facin taya ya kawo ɗan'uwansa da karayar ƙwauri, har na fara shafa mai, wani ya raɗa masa magana a kunne, suka ɗauke shi da man a ƙafa suka nufi wata unguwa. A masallaci akwai wanda in mun gaisa sai ya goge hannu a riga. Liman ya yi bayani, aka mayar da ƙasusuwan ƙasa kamar yadda aka yi alƙawari, amma zaurena ya yi wata da watanni ba kowa sai ƙuda. Na fere kara har ya cika kwando biyu don kada a ga ina zaune.

Asabe kuwa, wadda ita ma ta taɓa ƙasusuwan, ko mace ɗaya ba ta rasa ba. Ta zaurena suke bi su shiga wurinta, kowacce ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da hutawa, Malam." Wannan gaisuwa ta fi zagi ciwo. Don haushi na fara bin su da ido, ina neman abin da zan kushe. A nan ne na fara ganin abin da ya shekara talatin yana wucewa ta gabana. Wadda ta faɗi da gaske da rakiya take zuwa, ana ta surutu, wani lokaci mijin ne ma ke tsayawa a waje yana tambayata ko za a daɗe. Wata kuwa ita kaɗai za ta shigo, da rana tsaka lokacin da maza ke kasuwa, hijabi har goshi, ta tallabe hannu ta ciki, ba ta kallon kowa. Na gane dalilin da ya sa ba su guje ta ba. Ba su da wani wurin da za a ɗora su ba a yi musu tambaya ba.

Da littafin ya fito, Dakta ta kawo mana da kanta. Maƙwabta suka taru a zaure, Asabe ta tsaya daga bakin ƙofar ciki. Da Turanci yake, Dakta ta riƙa fassarawa. Sunana yana nan, ban ce babu ba, layi biyu, an gode mini kan raunukan maza. Maganar Asabe kuwa shafi guda cur, yadda ta faɗe ta, da sunanta a ƙasa. Sai wani tsoho a cikin maƙwabta, wanda Baba ya taɓa ɗora wa cinya, ya gyara zama ya ce, "Ai dama mu mun sani, hannun marigayi yana cikin gida." Aka yi dariya. Ni ma na yi, ina jin kamar an zare buzun daga ƙarƙashina.

Bayan an watse na kasa zama. Na shiga ciki na same ta a ƙofar ɗakinta tana naɗe bandeji. Ban yi sallama ba. Na ce mata ni ba yaro ba ne, na san Baba ya koya mata wani abu a ɓoye wanda bai koya mini ba, ta faɗa mini yau.

"Buhu ɗaya muka zura hannu, Yaya. Je ka huta."

Na ce ƙarya ne. Na ce tun muna yara yake fifita ta a ɓoye, ni ya bar ni da jan ƙattai da feren kara. Na ce yadda ta karanta haƙarƙarin nan ba daga bakin mata ta koya ba, wani ne ya kama yatsanta ya ɗora a kai. Na faɗi maganganu da yawa, har da waɗanda ba zan maimaita muku ba. Tana ta naɗi ba ta ɗago ba, sai da na ce ta ci amanar gida ta ba baƙuwa sirrin Baba don a rubuta sunanta. Sannan ta ajiye bandejin.

"Gaskiyarka, Baba ya kama yatsana ya ɗora. Ka tuna shekarar da Inna ta yi wata biyu da kara a hannu?"

Na tuna. Mahaifiyarmu ce. Ranar an aike ni kasuwa sayen man shanu, na dawo na tarar an riga an ɗaure, aka ce mini ta zame a banɗaki.

"A kan hannunta na koya. Shi ya ce in shafa in ji inda ta karye, ni na riƙe masa kara. Da na zo yi mata wanka na ji na haƙarƙarin, tsoho da sabo."

Na ce, wa ya yi mata?

"Wanda ya ɗora."

Na so in ce ƙarya take, amma na san Asabe, kuma na san irin karayar. Na zauna kan turmi. Ku da kuke saurarona, da a ce zan gyara labarin nan, da na ce muku kuka na yi, ko na ce Allah ya jiƙan Inna. Ba haka aka yi ba. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "To ni me ya sa bai kira ni na riƙe karan ba?"

Asabe ta dube ni.

"Shekara arba'in ina jiran wani a gidan nan ya tambaye ni yadda Inna ta ji," in ji ta. "Kai ma kanka kake tambaya."

Ta kwashe bandejinta ta shige ɗaki, ta saki labule.